Yadda Ɗalibin Ajin Ƙarshe Zai Tsara Shirin Jarrabawar Shiga Jami'a

Ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare jarrabawa biyu ce a gabansa. Akwai ta kammala makaranta, wadda malamai ke jan kunnensa a kanta kullum, akwai kuma ta shiga jami'a, wadda galibi ba mai tsaya masa a kai sai shi kansa. Sunanta ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: SAT da ACT a Amurka, UTME ta hukumar JAMB a Najeriya, Gaokao a Sin, YKS a Turkiyya, JEE da NEET a Indiya, Suneung a Koriya ta Kudu. Amma wurin da ɗalibai ke yin tuntuɓe kusan ɗaya ne. Sai ka ga yaro mai ƙoƙari ya ɗauko littafi ya fara daga shafin farko, yana bi babi-babi, ya yi wata huɗu yana maimaita abin da tun asali ya iya, rana ta ƙarato bai ko leƙa wuraren da za su cinye masa maki ba. Shirin da ke aiki ta baya ake fara shi. Daga ranar jarrabawa ake lissafowa zuwa yau, kuma kurakuranka ne za su faɗa maka abin da za ka karanta.

Mataki na 1: Zaɓi kwas da jami'a tukuna

Kafin ka sayi littafi ko ɗaya, zauna ka rubuta kwas ɗin da kake so, da jami'o'i uku zuwa biyar da ke koyar da shi. Ka shiga shafin intanet na kowacce ka karanta sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai da idonka. Kada ka tsaya a kan "an ce". Yayanka da ya shiga jami'a shekara huɗu da suka wuce gaskiya zai faɗa maka, sai dai gaskiyar zamaninsa ce. Dokokin nan ba sa zama wuri ɗaya. Lokacin annobar korona jami'o'in Amurka da dama sun daina tilasta SAT da ACT, sai ga jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard suka bi sahu a 2024. Ita kanta SAT ta bar takarda ta koma kwamfuta, a 2023 ga masu rubutawa a wajen Amurka, a 2024 kuma a cikin ƙasar.

Abin da kake nema shi ne wace jarrabawa suke karɓa, waɗanne darussa kwas ɗinka ke buƙata, da wane maki aka samu gurbi a bara, sannan ko akwai wata tantancewa ta biyu bayan babbar jarrabawar. Batun darussa ka kula da shi sosai. A UTME, misali, Turanci dole ne, sai darussa uku da suka dace da kwas. Mai neman likitanci Bayoloji da Kemistiri da Fiziks zai rubuta. Wanda ya haɗa darussan da ba su ba, ko ya ci 300 cikin 400 ya yi aikin banza, don jami'a ba za ta ko duba makin ba.

Kada kuma mafi ƙarancin makin da hukuma ke sanarwa ya ruɗe ka. Wannan makin izini ne kawai na shiga layi. A kwas mai cunkoso, makin da ake samun gurbi da shi yakan yi masa nisa ƙwarai. Nemi na gaskiyan, ka ƙara wani abu a kai, shi ne abin da za ka sa a gaba.

Mataki na 2: Kafa ranaku a takarda ɗaya

Samu babbar takarda ka manna a inda za ka riƙa ganinta kullum. Rubuta ranar buɗe rajista, ranar rufewa, ranar jarrabawa, ranar fitowar sakamako, wa'adin neman gurbi na kowace jami'a, da makonnin jarrabawar makarantarku.

Ranar fitowar sakamako ita aka fi mantawa. Jami'o'in Amurka masu karɓar takardu da wuri galibi farkon Nuwamba suke rufewa, sakamakon SAT kuwa yakan ɗauki kamar mako biyu, don haka ta watan Oktoba ce ta ƙarshe da mutum zai dogara da ita hankali kwance. A Birtaniya, mai neman Oxford ko Cambridge ko likitanci 15 ga Oktoba ne wa'adinsa a UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta, jarrabawar UCAT ta masu son likitanci kuma tsakanin Yuli da Satumba ake yin ta, wato kafin ajin ƙarshe ya kankama. Wanda ya ce sai ya zauna a aji ya nutsu tukuna, ya makara.

Ka kuma san sau nawa ake rubuta taka a shekara. Gaokao sau ɗaya ce, tana farawa 7 ga Yuni. Suneung rana ɗaya ce, wata Alhamis cikin Nuwamba, kuma har jiragen sama ake tsayarwa lokacin sashen sauraron Turanci. UTME ma sau ɗaya ce. SAT kuwa ana yin ta sau bakwai ko fiye, JEE Main, wato matakin farko na JEE, sau biyu, Janairu da Afrilu, a ɗauki wadda ka fi ci. In taka mai maimaituwa ce, tsara zama biyu: na farko da wuri, na biyu bayan wata biyu ko uku na gyara. Zama na uku, a ganina, ba ya ƙara komai sai in ka sauya yadda kake karatu.

Mataki na 3: Gwada kanka kafin ka karanta komai

Nan ne ɗalibai suka fi nuƙu-nuƙu. "Bari in ɗan karanta tukuna, yanzu in na gwada faɗuwa zan yi." To, faɗuwar ake nema. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Samu cikakkiyar jarrabawar baya, ta ainihi daga hukumar da ke shirya ta. Masu SAT suna da gwaje-gwaje kyauta a manhajar Bluebook ta College Board, hukumar da ke shirya SAT, kuma da wannan manhajar ake rubuta jarrabawar ta gaske. Sauran hukumomi ma yawanci suna fitar da samfuri ko jarrabawar gwaji. Ware safiya guda, ka ajiye waya a wani ɗaki, ka sa agogo daidai da lokacin da ake bayarwa, ka zauna ba tashi. Idan lokaci ya cika, ajiye biro ko da saura tambaya talatin. Ja layi a inda ka tsaya.

Sai ka duba amsoshi. Jimillar makin ba ita ce abin kallo ba, rubuta ta kawai ka wuce. Aikin yana cikin tambayoyin da ka faɗi. Ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kowacce ka sa mata alamar dalilin faɗuwa: ban san batun ba sam, na san shi amma na manta, na iya amma ban karanta tambayar da kyau ba, lokaci ne bai kai ni ba. Haɗa da waɗanda ka ci da canki-canka, don su ma ba ka iya su ba, sa'a ce ta zo.

Wannan rabe-raben shi zai nuna maka irin ciwon. Ɗalibai biyu za su iya cin maki ɗaya cif, amma ɗaya tambaya arba'in ya bari bai kai gare su ba, ɗayan kuma ya gama da sauran lokaci, sai dai bai san rabin Kemistiri ba. Na farko atisaye da agogo yake buƙata, na biyu malami da littafi. In suka bi jadawali iri ɗaya, ɗayansu zai yi asarar watanni.

Mataki na 4: Raba manhaja a kan makonnin da suka rage

Sauke manhajar jarrabawar, wato jerin batutuwan da za a yi tambayoyi a kansu, daga shafin hukumar, ka buga ta a takarda. Bi batutuwan da biro, kowanne ka ba shi ɗaya daga alama uku: na iya, rabi-rabi, ban sani ba. Sannan ka duba tambayoyin shekara biyar da suka wuce ka ƙirga waɗanne batutuwa ne ke fitowa kusan kowace shekara.

Yanzu lissafi. A ce saura mako 30. Cire na ƙarshe, na hutawa da bita ne. Cire shida kafin shi, na cikakkun gwaje-gwaje. Cire uku ko huɗu na jarrabawar makaranta da rashin lafiya da abin da ba a rasa ba, don ba wanda ke shekara ba tare da wani abu ya gitta ba. Abin da ya rage bai wuce mako 19 ko 20 ba, kuma su ne ainihin lokacinka na koyon sabon abu. Idan batutuwan da ke buƙatar aiki 60 ne, uku ke nan a mako. Ka ga ashe lokacin da ake ganin yana da yawa ba shi da yawa.

Fara da na rabi-rabi masu yawan fitowa, nan maki ya fi araha. Sai waɗanda ba ka sani ba amma suna fitowa kullum. Batun da yake da wuya kuma sai jefi-jefi yake fitowa, bar shi ƙarshe, in lokaci bai kai ba ka yafe shi ba tare da jin komai ba. Waɗanda ka iya kuwa, tambaya goma a mako ta ishe su. Zuciya za ta riƙa jan ka gare su saboda daɗin cin tambaya. Kada ka biye mata.

Jadawalin mako ya zama wanda za ka iya cikawa ko a ranar da ka gaji. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu a ranakun makaranta, da zama mai tsawo a ƙarshen mako, ya fi jadawalin awa shida da za a watsar ran kwana na huɗu. Kuma kada ka rubuta "Lissafi, ƙarfe 4 zuwa 6". Rubuta "tambaya 25 a kan kaso cikin ɗari, da gyaransu". Na farko za ka iya cika shi kana kallon bango.

Mataki na 5: Yadda ake karatun kansa

Yawancin abin da ɗalibai ke kira karatu maimaita kallon shafi ne. Ka karanta sau uku, ka ja layi da jan biro, komai ya zama kamar ka san shi. Ganewa ce kawai: ido ya saba da shafin. A ɗakin jarrabawa shafin ba ya nan.

An gwada wannan. A 2006 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako ɗaya kuwa, waɗanda suka wahala wajen tunowa sun wuce su. Kai ko jarrabawarka ba bayan minti biyar take ba.

Saboda haka kowane zama ka yi shi kamar haka. Karanta batu na minti ashirin. Rufe littafin. Ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, ko ka bayyana shi da baki kamar kana koya wa ƙaninka. Buɗe ka ga abin da ya zube. Sai ka amsa tambayoyin baya a kan batun. Za ka ji abin ya fi wuya, kuma za ka ji kamar ba ka ci gaba. Alamar yana shiga ke nan.

Mantuwa kuma dole ce. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum zai manta, a awoyi da kwanakin farko yake zubewa. Maganinta shi ne komawa kan batu da tazara: gobe, bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Minti goma kowane komawa ya isa. Rubuta ranakun komawar a jadawali tun ranar da ka gama batun, in ba haka ba ba za ka koma ba.

Sai littafin kurakurai, wanda in da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin duk bayanin nan, shi zan ɗauka. Littafin rubutu ne guda, duk tambayar da ka faɗi ta shiga ciki. Ga yadda shafi ɗaya zai kasance. Tambaya: an ƙara wa lamba 50 kashi 20 cikin 100, sannan aka rage kashi 20 cikin 100 na abin da aka samu, nawa ya rage? Amsata: 50. Amsar daidai: 48. Dalili: na ɗauka ƙari da ragi sun kashe juna, alhali bayan ƙari lambar ta koma 60, kuma kashi 20 na 60 shi ne 12, ba 10 ba. Abin kiyayewa: kaso na biyu a kan sabuwar lamba ake lissafa shi. Layin dalilin nan shi ne ran shafin. "Kuskure na yi" ba dalili ba ne. Faɗi wane tunani ne ya kai ka ga amsar da ba ita ba. Duk ƙarshen mako ka rufe amsoshin da hannu ka sake gwada tambayoyin. Wadda ka ci sau biyu a jere, soke ta. Bayan wata biyu za ka lura kurakuranka ba su da yawa kamar yadda kake tsoro, iri biyar ne ko shida ke ta dawowa da kaya daban-daban.

Mataki na 6: Koyi lokaci, ka san dokar canki-canka

Raba mintunan jarrabawarka da yawan tambayoyinta. UTME tambaya 180 ce cikin awa biyu, daƙiƙa 40 ke nan kowacce. A SAT, sashen karatu da rubutu tambaya 54 ne cikin minti 64, lissafi kuma 44 cikin minti 70. Kashin farko na YKS tambaya 120 ne cikin minti 165. Wanda ya san yana da daƙiƙa 40 ba zai tsaya kokawa da tambaya ɗaya minti huɗu ba. Ka saba da zagaye biyu: na farko ka kwashe duk masu sauƙi, ka sa alama a masu wuya, na biyu ka dawo musu. A SAT ka ƙara kula da rabin farko na kowane sashe, don yadda ka yi a cikinsa shi ke yanke irin tambayoyin da za a ba ka a rabi na biyu, da iyakar makin da za ka iya kaiwa.

Batun canka kuwa ya danganta da doka. SAT da ACT ba sa rage maki a kan amsar da ba daidai ba, don haka barin tambaya ba amsa asara ce tsagwaronta. A NEET da tambayoyin zaɓi na JEE Main, daidai maki 4 ne, kuskure a cire 1. Lissafa: zaɓi huɗu ne, in ka canki tambaya huɗu ido rufe, a matsakaici za ka ci ɗaya ka faɗi uku, ka samu 4 a cire 3, riba 1. A YKS zaɓi biyar ne, kuma kuskure huɗu na cinye daidai ɗaya, don haka canka ido rufe ba riba ba asara. Amma da zarar ka iya fitar da zaɓi biyu da ka tabbata ba su ba ne, lissafin ya koma wajenka. Karanta dokar taka, ka yanke shawara tun a gida.

In a kwamfuta za a yi, yi atisaye a kwamfuta. Karanta dogon rubutu a allo, da matsar da linzami, da amfani da kalkuletar da ke cikin manhajar, duk sai da sabo.

Mataki na 7: Rajista

Yi ta a makon farko da aka buɗe, lokacin da cibiyoyin kusa ba su cika ba. Sunanka da ranar haihuwarka su zo daidai harafi-harafi da abin da ke katin shaidarka da takardun makaranta. Lambar waya da imel su zama naka na kanka, waɗanda za ka riƙe har ka shiga jami'a. In wani ne ke cike maka, tsaya a kansa ka karanta komai kafin ya tura. Mai buƙata ta musamman, kamar matsalar gani ko ji, ya nemi tanadinsa da wuri, don amincewar takan ɗauki makonni.

Mataki na 8: Riƙe jarrabawa biyun tare

Kada ta shiga jami'a ta sa ka saki ta makaranta, don kusan ko'ina ana duba sakamakon sakandare. Sa'ar da aka yi, manhajojin biyu sun yi tarayya a wurare da yawa. Batun da ake koyarwa a aji wannan makon, amsa tambayoyinsa na jarrabawar shiga jami'a a makon, ka ga aiki ɗaya ya biya buƙata biyu. Idan jarrabawar makaranta ta zo, rage ɗayan shirin zuwa minti ashirin na littafin kurakurai, kada dai ka tsayar da shi ɗungurungum.

Lesin yana da amfani in ka je da tambayoyinka a hannu. In zuwa kake ka zauna a baya kana kwafar allo, ka ƙara wa kanka awoyin makaranta ne kawai. Barci kuma kada ka taɓa shi. Awa takwas ake so ga mai shekarunka, kuma cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Iyaye ma ga tasu: tambayar "nawa ka ci?" kullum tana sa yaro ya fara ɓoye gwajin da ya faɗi. Ku ce ya nuna muku abin da ya gyara a makon nan.

Duk wanda ya ce yana da tambayoyin da za su fito, ko zai ɗaga maka maki, rabu da shi. Yawancinsu 'yan damfara ne, in ma da gaske ne ƙarshenta soke sakamako. A 2019 an gurfanar da mutane fiye da 50 a Amurka kan maguɗin shiga jami'a, ciki har da sayen makin SAT da ACT, wasu iyayen har gidan yari.

Mataki na 9: Makonnin ƙarshe da ranar kanta

A makonni shidan da ka ware a mataki na 4, yi cikakken gwaji ɗaya kowane mako, a daidai lokacin da za a yi na gaske, washegari kuma ka zauna gyara. Gwajin da ba a gyara ba, gajiya kawai aka saya. Makon ƙarshe ba a buɗe sabon batu. Littafin kurakurai da taƙaitattun bayananka sun isa. Je ka ga cibiyar da idonka, ka san tsawon tafiyar. Buga takardar shiga, ka haɗa ta da katin shaida da abin da aka yarda a shiga da shi tun dare, ka kwanta da wuri.

A ɗakin, karanta umarni ko da ka haddace shi. Tambayar farko in ta zo da wuya, tsallake ta, ba ita ke nuna yadda sauran za su kasance ba. Ka bar minti biyar na ƙarshe don duba cewa ba ka bar wata ba amsa ba, kuma a kwamfuta ka tabbata ka danna maɓallin miƙawa.

Sakamako in ya fito, ɗora shi kusa da makin da ka rubuta a mataki na 1. In ya kai, tura shi ga jami'o'in kafin wa'adi, don wasu hukumomin sai ka nema suke aikawa, sannan ka fara shirin tantancewa ta biyu in akwai. In bai kai ba kuma akwai sauran zama, koma mataki na 3 da sabon sakamakon a hannu. In babu sauran zama a bana, duba ko an buɗe damar sauya kwas ko jami'a zuwa inda makinka zai shiga. Irin wannan damar takan zo da gajeren wa'adi, don haka ka riƙa leƙa shafin hukumar da imel ɗinka kowace rana har a kammala ɗaukar ɗalibai.